Tambaya da Amsa: Na Canja Jami'a a Tsakiyar Karatu, Ta Ina Zan Kama?

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan ɗalibin da ya baro wata jami'a ko kwaleji bai gama ba, ya koma wata don ya ƙarasa. Halin da yake ciki ya sha bamban da na kowa a makarantar. A takarda ɗan aji biyu ne ko aji uku, don haka malamai da ma'aikata suna ɗauka ya san kan komai. A zahiri kuwa ko ƙofar ofishin sashensa bai sani ba. 'Yan aji ɗaya akan tara su, a zagaya da su, a nuna musu laburare da asibiti da wurin rajista. Shi kuwa sai a miƙa masa lambar ɗalibta a sallame shi. Baƙo ne da ake yi wa kallon ɗan gida, kuma mafi yawan matsalolin da ke ƙasa daga nan suka samo asali.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na yi shekara biyu a jami'ata ta farko, na tara kiredit 62 (ma'aunin da ake ƙirga nauyin kwasa-kwasai da shi). Sabuwar ta ce ta karɓi 48 kawai, kuma an ce mini ko a cikin 48 ɗin ba duka ne za su rage mini kwasa-kwasan digirina ba. Ina sauran suka shiga? Akwai abin da zan iya yi, ko in haƙura? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki haƙura tukuna. Abu na farko da za ki gane shi ne kalmar "an karɓa" tana da hawa-hawa. Akwai kwas ɗin da aka karɓa a madadin wani kwas na dole, wato an ce wanda kika yi can daidai yake da wanda ake yi nan, ba sai kin maimaita ba. Wannan shi ne mai tsoka. Akwai wanda aka karɓa a matsayin kwas na zaɓi a cikin fanninki. Akwai kuma wanda aka karɓa don cike adadi kawai: yana nan a takardarki, amma bai ɗauke miki nauyin ko kwas ɗaya da sashenki ke buƙata ba. Ɗalibi zai iya ganin an karɓa masa kiredit 48, ya yi murna, alhali 30 ne kaɗai suka matso da shi kusa da kammalawa. Saboda haka tambayar da za ki riƙa yi a ofis ita ce, "Wane kwas na dole wannan ya maye?"

Ba ke kaɗai abin ya shafa ba. A 2017 ofishin binciken ayyukan gwamnati na Amurka, GAO, ya ƙiyasta cewa ɗaliban ƙasar da suka canja makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kusan kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu, idan aka ɗauki matsakaici.

Dalilan da ke sa a ƙi kwas ba su da yawa. Jami'o'i da dama ba sa karɓar kwas ɗin da aka ci da ƙasa da C. Ba sa karɓar kwasa-kwasan share fage, irin waɗanda ake yi don cike giɓin sakandare. Wasu suna da iyakar adadin da za a shigo da shi daga waje, domin suna son a yi wani kaso na digirin a wurinsu kafin su sa masa hatiminsu. A Amurka, inda digirin farko yakan kai kiredit 120, sau da yawa ana sharɗanta a yi aƙalla 30 a jami'ar da za ta ba da shaida. Akwai kuma bambancin ma'auni. Makarantar da ke raba shekara zuwa gajerun zanguna na kusan mako goma, kiredit ɗinta kashi biyu cikin uku ne na kiredit ɗin mai zangon mako 15, don haka 45 na can 30 ne a nan. A Turai tsarin ƙirga kiredit da ake kira ECTS yana ƙirga 60 a shekara, Birtaniya tana ƙirga 120 a shekara, kuma galibi ana ɗaukar ECTS biyu a matsayin kiredit ɗaya na Amurka. Wani lokacin abin da ɗalibi ke gani kamar an zaftare masa, juyin ma'auni ne kawai.

Wani dalilin kuma, wanda ya fi sauƙin gyarawa, shi ne wanda ya duba takardarki sunan kwas kawai ya gani. Takardar sakamako ba ta faɗin abin da aka koyar. Idan sunan bai yi kama da nasu ba, sai ya jefa shi cikin na cike adadi ya wuce.

Ga yadda ake bi. Ki nemi a ba ki sakamakon tantancewar a rubuce, kwas bayan kwas, da abin da aka mai da kowanne. Sannan ki nemo cikakkiyar manhajar kowane kwas da kike jayayya a kansa, ta shekarar da kika yi shi: darussan mako-mako, littafin da aka yi amfani da shi, awannin lacca, awannin ɗakin gwaje-gwaje idan akwai, da yadda aka raba maki. Ki samo manhajar kwas ɗin sabuwar jami'ar da kike ganin ya yi daidai da shi, ki jera su gefe da gefe a shafi ɗaya, darasi da darasi. Wannan shafi shi ne hujjarki. Ofishin magatakarda yakan karɓi takardar neman sake duba, amma hukuncin a yawancin wurare na sashen da ya mallaki kwas ɗin ne. Kwas ɗin lissafi sashen lissafi ne zai ce ya yi ko bai yi ba, ko da ke 'yar sashen tattalin arziki ce.

Kada ki ɗauko duka kiredit goma sha huɗun da aka ƙi ki zube a gabansu. Ki fara da waɗanda suke sharaɗin shiga wasu kwasa-kwasai na gaba. Kwas ɗaya irin wannan, idan ana bayar da shi sau ɗaya kawai a shekara, yana iya riƙe ki shekara guda cur. Ki tambayi wa'adin neman sake duba tun yau, domin a wurare da yawa yana ƙarewa cikin zangon farko. Idan canjin naki tsakanin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Lisbon ta 1997 kan amincewa da karatun jami'o'in juna ne, ƙa'idarta ita ce a amince da karatun da aka yi sai an nuna akwai babban bambanci, kuma nuna bambancin yana wuyan mai tantancewa ne.

In an amince, ki karɓi shaida a rubuce, kuma bayan mako biyu ki buɗe shafinki na intanet ki tabbata an shigar. "Ba komai, za mu gyara" da malami ya faɗa a bakin ƙofa ba ya cikin fayil, kuma ranar tantance masu kammalawa fayil za a buɗe.

TAMBAYA: Malam, saura mako biyu in fara a sabuwar jami'a. Takardu da saƙonni sun yi mini yawa har ban san wanne ne gaba ba. Me zan fara yi? Daga ɗalibi mai shirin komawa.

AMSA: Ɗana, ka fara da tsohuwar makarantar kafin sabuwa, domin ƙofarta ce ke shirin rufuwa. Jami'o'i da yawa suna rufe imel da shafin ɗalibi bayan ya tafi. Kafin hakan ta faru, ka sauke manhajar duk kwas ɗin da ka yi, da sakamakonka na kowane zango, da rasit ɗin biyan kuɗi, da ayyukan da ka rubuta. Duk wani asusu da ka buɗe da imel ɗin makarantar, ka mai da shi kan imel ɗinka na kanka. Ka tabbata ba a binka littafin laburare ko ragowar kuɗi, domin bashi kaɗan yana iya sa a riƙe takardar sakamakonka. Ka kuma nemi a aika cikakkiyar takardar ƙarshe, wadda ta haɗa da zangon da ka gama yanzu. Wannan kuskure yana yawan faruwa: an ba ɗalibi gurbi da takardar da ba ta cika ba, ya manta bai aika ta ƙarshe ba, sai ranar rajistar zango na biyu ya tarar an kulle shi.

Sai ka yi wa takardunka gida ɗaya. Fayil guda na hannu, da folda guda a intanet mai ɗauke da hoton duk abin da ke cikin na hannun. Ka raba shi huɗu: na shiga makaranta, na tantance kiredit, na kuɗi da tallafi, na lafiya da masauki. Sunan kowane hoto ya fara da kwanan wata, shekara a gaba, sai wata, sai rana, don su jeru da kansu. A gaban fayil ɗin ka ajiye shafi guda da za ka riƙa rubuta duk ofishin da ka shiga: rana, wanda ka gani, abin da ya ce, da ranar da aka ce ka dawo.

Daga nan ka nemo kalandar karatu ta sabuwar jami'a ka kwashe ranaku biyar zuwa wayarka, kowacce da tunatarwa mako guda kafin ta: rufe rajista, ranar ƙarshe ta ƙara kwas ko ajiye shi, ranar ƙarshe ta janyewa ba tare da an rubuta maka faɗuwa ba, wa'adin biyan kuɗi, da fara jarrabawa. Kada ka yi aiki da ranakun da ka saba da su can. Haka ma dokoki: adadin fashin lacca da ke hana zama jarrabawa, hukuncin makara da aikin gida, da yadda ake maimaita kwas, duk kowace jami'a da nata. Tsohon ɗalibi ya fi sabo faɗawa wannan rami, saboda sabo yana tambaya, tsoho kuwa yana zaton ya sani.

Idan tallafin karatu kake samu, ka tambayi mai bayarwa a rubuce ko yana bin ka zuwa sabon wuri. Da yawa ba sa bi sai an sake nema. Idan da bizar ɗalibi kake karatu, ofishin ɗaliban ƙasashen waje shi ne na farko da za ka shiga, domin izinin zamanka yana iya kasancewa ɗaure da sunan makarantar da ka baro.

Kwana ɗaya kafin a fara, ka ɗauki jadawalinka ka taka da ƙafa zuwa kowane aji, ka duba minti nawa ke tsakanin wannan da wancan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

TAMBAYA: Malam, a makarantata ta da ina cikin na gaba-gaba. Nan kuwa gwajin farko da na biyu duk da ƙyar na tsallake. Na fara tunanin ko wurin ya fi ƙarfina. Daga ɗalibi ɗan aji uku.

AMSA: Abin da ya same ka tsohon abu ne, har suna gare shi. Tun 1965 wani mai bincike a Amurka, John Hills, ya yi rubutu a kan yadda makin ɗaliban da suka canja makaranta ke faɗuwa a zangon farko, ya kira abin da sunan da ke nufin girgizar canji. Abin da aka lura da shi tun lokacin shi ne makin yakan farfaɗo a zangunan da ke biye ga waɗanda suka daure suka ci gaba.

Sanadin ba ƙarancin basira ba ne. Ka shigo daidai inda karatu ke yin nauyi ga kowa, ajin da ake barin gabatarwa a shiga zurfin fanni. Abokan ajinka sun yi shekara biyu suna koyon halin waɗannan malamai: wane ne ke son a kawo masa abin da ya faɗa, wane ne ke son a yi jayayya da hujja, wane ne ke fitar da tambaya daga littafi ba daga lacca ba. Kuma kwas ɗin da aka ce "daidai" yake da nasu ba ya rasa darasi biyu ko uku da su suka yi kai ba ka yi ba. Malamin aji uku yana gini a kan waɗannan darussa ba tare da ya sake ambatonsu ba.

Don haka ka karɓi manhajar kwasa-kwasan aji ɗaya da biyu na sashenka, waɗanda aka yafe maka, ka bi su da biro ka ja layi a ƙarƙashin duk darasin da ba ka taɓa yi ba. Ka ware awa biyu a mako ka cike su. Ka ɗauki takardar gwajin da ka yi ka je wurin malamin a lokacin da ya ware don ganin ɗalibai. Kada ka je neman ƙarin maki. Ka ce, "Malam, daga wata jami'a na zo, ina so in ga yadda amsa mai cikakken maki take a wannan tambaya." Malamai kaɗan ne ke ƙin amsa wannan. Ka nemi tsofaffin tambayoyin jarrabawa na shekara uku baya idan jami'ar tana ajiye su.

Sai lissafin lokaci, wanda yawancin ɗalibai ba sa yi. A ma'aunin Amurka kowane kiredit yana nufin awa ɗaya a aji da aƙalla awa biyu na karatun kai a mako. Mai kiredit 15 ke nan yana da awa 45 a mako. A ma'aunin Turai kiredit ɗaya awa 25 zuwa 30 ne na aiki gaba ɗaya, wato zango mai 30 yana cin awa 750 zuwa 900. Mako yana da awa 168. Cire 56 na barci, cire 45 na karatu, saura 67, kuma a cikinsu ne za ka ci abinci, ka yi zirga-zirga, ka yi wanki, ka huta, ka yi aikin neman kuɗi in kana yi. Rubuta wannan a takarda ka gani ko ya fita. Idan bai fita ba, rage kwas ɗaya kafin wa'adin janyewa ya wuce, amma ka fara tabbatar da cewa ragewar ba za ta sauke ka ƙasa da adadin da tallafinka ko bizarka ke buƙata ba.

Muna yawan hana masu canji cika zangon farko da kaya don su kamo abin da suka rasa, kuma ga dalili. A jami'o'i da yawa kiredit ne ke bin ka, maki ba ya bi. Matsakaicin makinka daga sifili yake farawa. A ma'aunin maki 4, inda B ke da 3, D kuma 1, ɗalibin da ya ci B a kwas huɗu da D a ɗaya, kowanne mai kiredit uku, zai tashi da 2.6. Abokinsa da ya ci irin wannan sakamako amma yana da kiredit 60 na baya a kan 3.0, nasa 2.92 zai tsaya. Kai ba ka da wannan katifa a ƙarƙashinka, don haka kwas huɗu da aka ci da kyau sun fi maka shida da aka ci da ƙyar.

TAMBAYA: Malam, kwas ɗin da nake buƙata ya cika kafin a buɗe mini rajista. Daga wata ɗaliba.

AMSA: Haka yake faruwa, domin masu canji sukan yi rajista bayan kowa ya zaɓa. Ki sa sunanki a jerin masu jira in akwai, ki rubuta wa malamin da shugaban sashe gajeren saƙo mai nuna cewa kwas ɗin sharaɗi ne na wani da za ki yi zango mai zuwa, kuma ki halarci laccar farko in an yarda. Gurabe sukan buɗe a makon farko da na biyu. Ki riƙe wani kwas a madadinsa har sai an tabbatar miki.

TAMBAYA: Malam, wata biyu ke nan ɗiyata ta koma sabuwar jami'a. Tana cewa kowa yana da abokansa, daga aji sai ɗaki. Har ta fara maganar komawa inda ta baro. Me zan ce mata? Daga wata uwa.

AMSA: Mama, abin da ta faɗa gaskiya ne, kada ki ce mata zato ne. 'Yan ajinta sun ƙulla zumuncinsu tun suna aji ɗaya, lokacin da kowa baƙo ne kowa na neman kowa. Ba ƙin ta suke ba, sun daina nema ne kawai. Wata biyu kuma lokaci ne da ɗokin sabon wuri ya wuce, sabo bai zo ba tukuna, don haka ba lokacin yanke shawarar komawa ba ne. Ku yi yarjejeniya ta ƙarasa zangon, a sake zama a kan maganar bayan sakamako ya fito. Komawar ma wani canjin ne, da tasa asarar kiredit.

Abota a jami'a daga yawan haɗuwa take tsirowa. Taron da za a je sau ɗaya a watse ba ya haifar da komai. Abin da ke aiki shi ne wurin da za ta ga fuskoki iri ɗaya kowane mako: rukunin bita na mutum uku ko huɗu, ƙungiyar ɗaliban sashenta, wasanni, ko aikin sa kai. Ɗaya ko biyu sun isa. Ta riƙa zama wuri ɗaya a aji, ta zo minti goma kafin lacca. Hanya mafi sauƙi ta buɗe magana ita ce neman taimako ƙarami, kamar tambayar yadda wannan malami ke jarrabawa. Ta kuma tambaya a sa ta a zauren WhatsApp ko makamancinsa na ajin, domin can ake sanar da canjin aji da ɗage gwaji, kuma ba wanda zai tuna ya sa ta sai ta nema.

Ke kuma, ki rage tambayar "Kin yi ƙawaye?" Tana sa mutum jin ya gaza. Ki tambaye ta wa ta yi magana da shi yau, me aka koyar. Idan kika ji barcinta ya lalace, ta daina cin abinci, ko ta daina zuwa aji har tsawon mako biyu, wannan ya wuce kewa. Ta ga likita ko ofishin ba da shawara na jami'ar ba tare da jinkiri ba.

TAMBAYA: Malam, sashenmu ya ɗora mini kula da ɗalibai takwas da suka zo daga wasu makarantu. Ni ma ɗalibi ne, ɗan ajin ƙarshe. Ta yaya zan amfane su? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Madalla da sashenku. Kada ka ce musu "duk mai matsala ya neme ni". Ba za su nema ba, saboda suna jin kunyar tambayar abin da ɗan aji ɗaya ya sani, kuma yawancin abin da zai cutar da su ba su san akwai shi ba balle su tambaya. Kai za ka neme su, sau uku aƙalla: makon farko, kwana uku kafin rufe ƙara kwas da ajiyewa, da mako guda kafin wa'adin janyewa, lokacin da sakamakon gwajin farko ya fito.

A zaman farko ka haɗa su duka takwas wuri ɗaya, domin su ne suka fi saurin zama abokan juna. Ka ba su shafi guda na abin da ba a rubuta a ko'ina: gajerun sunayen da ake kiran gine-gine da su, ofishin da ke sa hannu a kan me, lokacin da layi ya fi gajarta, inda ake buga takardu, da kwasa-kwasan da ba a haɗa su a zango ɗaya saboda nauyinsu. Ka zauna da kowanne minti ashirin ku zana taswirar sauran zangunansa har zuwa kammalawa, ku yi alama a kan kwasa-kwasan da ake bayarwa sau ɗaya a shekara.

Ka san iyakarka. Maganar ko an karɓi kiredit, ko kwas kaza zai maye kaza, ko dokar biza da tallafi, kada ka yanke hukunci da abin da ka ji a bakin ɗalibai. Kai shi ofishin da ke da alhakin, in da hali ka raka shi har ƙofa, ka kuma tuna masa ya fito da amsar a rubuce.